Ku riƙa waiwayar masu yi wa manyan fina-finai shaƙiyanci

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Shafinku na fina-finai yana ƙoƙari, sai dai kullum manyan wasanni kuke wa sharhi, ba kwa kula 'yan barkwancin da ke kwaikwayonsu don a yi dariya. Ni kuwa a ganina, sau da yawa gaskiyar tana bakin waɗannan.

A ɗauki Downton Abbey, wasan Ingila da tashar ITV ta nuna daga 2010 zuwa 2015. Labarin gidan wani basarake ne, iyayen gida suna saman bene, barori suna ƙasa kusa da madafa suna jiran a kaɗa musu ƙararrawa. Ya fara ne da nutsewar jirgin Titanic a 1912, inda magadan gidan biyu suka halaka, ga shi 'ya'yan mai gida uku duk mata ne, ƙa'idar gadon kuma ta hana mace. Wasan ya tsaru, wannan ba musu. Amma tun a kashi na farko za ka ga bara ya sa dutsen guga yana goge jarida, wai kada tawada ta ɓata yatsun mai gida. Ƙato lafiyayye ya tsaya ƙiƙam, wani ƙaton yana ɓalla masa maɓalli. Kuma yawancin barorin nan alfahari suke da hakan. Masu yawan gunaguni a cikinsu, irin su Thomas da O'Brien, su aka mayar mugayen labarin.

Ban yi mamaki ba. Marubucin, Julian Fellowes, shi kansa yana cikin Majalisar Dattawan Birtaniya tun 2011. Na saman bene ne ya ba da labarin na ƙasa. Ƙidayar 1911 ta nuna sama da mutum miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen Ingila da Wales, galibi mata. Da yawansu ba su taɓa taka irin wannan katafaren gida ba, yarinya ɗaya ce tal a gidan mai matsakaicin hali, ita ce shara, ita ce wanki, ita ce hura wuta tun asuba. Ba na jin ta san daɗin da ake nuna mana.

A nan masu shaƙiyanci suka yi rana. A 2011 BBC ta nuna wani gajeren wasa da ya kwaikwayi Downton Abbey, mai suna Uptown Downstairs Abbey, a daren tara sadaka na Comic Relief. Jennifer Saunders ta fito a tsohuwar nan mai kaifin baki, mahaifiyar mai gida, wadda marigayiya Maggie Smith ta saba fitowa a matsayinta a wasan na asali. Abin da ya fi burge ni, ba su bar marubucin ba, Simon Callow ya fito a matsayin Fellowes ɗin da kansa, yana hura hanci. A 2013 kuma shirin yara na Sesame Street ya yi nasa da 'yan tsana, aka kife gidan gaba ɗaya. Duk abin da shugaban barori ya kawo wa tsohuwa, shayi ne ko abinci, sai ya kuɓuce ya yi sama. Wai don a koya wa yara sama da ƙasa aka yi shi, amma babba ma ya ga inda aka dosa.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. A fadojinmu akwai wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, tafiyarsu da maganarsu da halinsu, a yi dariya, mai kunne kuma ya ji. Wawan sarki ma aikinsa ke nan.

Roƙona, Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ne ku ware wa irin waɗannan wasanni gurbi, na waje da na gida. Mai sharhin ya gaya mana wa aka kwaikwaya, me aka tono, kuma ko dariyar ta taɓa mai gida ko a kan bara kawai ta ƙare. Yawancin barkwancin da nake gani a fina-finanmu, mai gadi da 'yar aiki ake mayarwa wawaye, Alhaji kuwa ko hularsa ba a taɓawa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya