Ɗanɗanon gahawa tun wurin shanya ake gyara shi ko ɓata shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin masu shigo da ɗanyar gahawa nan Maraɗi. In ta yi tsami ko wari, mai suyar gahawar ake ɗora wa laifi, alhali galibi ɓarnar tun can inda aka noma ta, Habasha ko Kodebuwa ko Kamaru, ta faru.

Sai 'ya'yan sun nuna jajir ake tsinka. A zuba su cikin ruwa, waɗanda suka taso sama fanko ne ko masu tsutsa, a kwashe su. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko, a shanya su da ɓawonsu a kan gado mai raga, kaurin shanyar kada ya wuce santimita 5, ana juyawa sau da yawa a yini, da dare a rufe saboda raɓa. Aikin mako 3 zuwa 4 ne. Ita ke ba gahawa zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, amma ba ta yafe ganganci: a jibge da kauri ko a baza a ƙasa, fumfuna ta kama.

Ta biyu, a ɓare ɓawon da inji a ranar da aka tsinka, a bar ƙwayar cikin tanki kamar awa 24 zuwa 36 har yauƙinta ya saki. A damƙo kaɗan a wanke. In ta daina santsi ta yi kaushi a hannu, ta yi. In aka bari lokaci ya wuce sai ta yi tsamin da babu suyar da ke fitar da shi.

Kowace hanya aka bi, a shanya har damshin ƙwayar ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Ƙasa da haka tana farfashewa wajen surfe. Sama da haka fumfuna ce, wata ma tana fitar da guba mai illa ga ƙoda. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun gyaɗar da aka ɗura ba ta bushe ba ya san zancen.

Don haka kafin a biya, a zura hannu tsakiyar buhu a ɗebo. A duba baƙaƙen ƙwayoyi da masu huda, a sansana. A sito kuwa a ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, musamman da damina, kada a haɗa su da albasa, busasshen kifi ko jarkar fetur, domin ɗanyar gahawa tana shan warin abin da ke kusa da ita.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar gahawa,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar