Kai kana cikin jirgi, mu muna ƙasa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a nan Maiwurno ta ƙasar Sudan, gwargwadon yadda ake lafiya tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023. Innarka tana gaishe ka, ta ce turaren ya iso.

Yayarka ta faɗa mini abin da ya gudana tsakaninku a waya. Ta kira ka ranar da amai da gudawa suka kama ƙaramin ɗan kawunka, lokacin da kwalara ke ta ɗibar mutane, kawun naka kuma ya dage sai rubutu kaɗai za a ba yaron. Ta roƙe ka ka yi masa magana, tunda kai ne mai karatun likita. Wai sai ka yi dariya ka ce kowa a bar shi da fahimtarsa, har ka kawo mata dokar fim ɗin nan naka. Kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Kada ka ɗauka ban san dokar ba. Da na zo Umra ai ka zaunar da ni a ɗakinka na Jidda muka kalli Star Trek ɗin, ka ce tun 1966 Amurkawa suka fara shi. Na riƙe: matuƙan jirgin ba su da izinin tsoma baki cikin rayuwar halittun wata duniya, muddin ba su kai ga ƙera jirgin da ya fi haske gudu ba. Ban raina hikimar ba. Mu da kakanninmu suka baro Burmi a 1903, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi ta takawa har bakin Nilu, ba sai an koya mana ɓarnar mai ƙarfi idan ya zo da sunan gyara ba. Da masu jajayen kunnuwa sun bi irin wannan doka, da ƙila a Sakkwato aka haife ka.

Amma a cikin abin da ka nuna mini akwai inda shugaban jirgin ya tsaya yana kallon duniya guda tana hallaka, yana da ikon ceto, ya ce doka ta hana. A ranar na ce maka wannan ba mutumin kirki ba ne, ka ce ban gane ba.

Yanzu na gane, shi ya sa nake tsoro. Cikin labarin nan, ina ka ajiye kanka? Kai kana can sama cikin jirgi, mu kuma mu ne halittun da ba su waye ba, ana leƙenmu ta taga ana tausayin al'adunmu. Kawunka da ya goya ka ya ƙetare da kai ruwa shi ne ya zama baƙon wata duniya? Wa ya ba ka ma'aunin da ka auna mu? Gonar dawar da na sayar don karatunka, mutane suka yi ta zagina a kanta, ba don in sayo wa dangi ɗan kallo na sayar da ita ba. Kuma ban yi nadama ba, ko yau aka dawo sai na sake.

Abin da ake nema a bakinka bai taka kara ya karya ba: lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ba wanda ya ce ka zubar da rubutun. Yayarka ce ta haɗa a ɓoye, tana ba shi kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, jiya ma na gan shi yana korar awaki.

Na san kana jin nauyin kawunka, wataƙila fim ɗin mafaka kawai ka yi da shi. Ni ma na sha yin shiru a gabansa inda bai kamata ba. Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko, ka gaishe shi da mai jiki, kada ka ɗauko zancen. Ka kira yayarka ma, har yanzu ranta a ɓace yake.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka