Gwajin jinin masu ciwon ƙoda yana ɗauke da bayanin da ba mu amfana da shi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a nan Sakkwato.

Idan rauni ya zauna a ƙodar mutum fiye da wata 3, sau da yawa jikinsa yana shiga wani kumburi na ɓoye wanda ba ya zuwa da zazzaɓi, amma yana lalata jijiyoyin jini sannu a hankali, yana kuma hana jiki amfani da sinadarin ƙarfe har jini ya ragu. Ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne kan gaba wajen ɗauke masu wannan lalura, da yawansu tun kafin su kai ga wankin ƙoda.

Akwai gwajin CRP da ke nuna wannan kumburi, sai dai kuɗinsa daban ne, kuma iyalin da suka sayar da dabba ko gona saboda jinya ba su da halin ƙarin gwaji. Abin da ke ba ni takaici shi ne, takardar ƙidayar ƙwayoyin jini da majinyaci ya riga ya biya tana ɗauke da alama mai amfani. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai niyutirofil da limfosait. Kumburi yana ɗaga na farko, ciwon ƙoda kuma yana rage na biyu. Idan aka raba adadin niyutirofil da na limfosait, misali 6,000 da 1,500, sai a sami 4, lissafin da ba ya cin minti ɗaya. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta hauhawar wannan adadi da saurin lalacewar ƙoda.

Ba na cewa a yanke hukunci da awo ɗaya, domin ƙwayar cuta da ta shiga ta bututun wankin ƙoda, ko magani irin su firedinisolon, suna iya ɗaga adadin. Amfaninsa yana cikin bibiya, wato a rubuta shi a katin majinyaci duk zuwa, a ga inda ya dosa.

Akwai kuma wani batu da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan gado kan sami ƙarancin niyutirofil alhali lafiyarsu ƙalau. Ke nan ma'aunin da aka tsara da jinin Turawa zai iya nuna cewa majinyacinmu ba shi da matsala, alhali kumburi na cin sa.

Saboda haka nake roƙon likitocin ƙoda da masana jini na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su auna lafiyayyun mutanenmu tare da majinyata, su fitar da ma'aunin da ya dace da mu, sannan a raba shi ga asibitocin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan.

Naka,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Sakkwato.