Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Cin Filin Maƙabartar Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci,
Ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa da fatan alheri, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da imani, ya kare mana kai daga sharrin mahassada. Mu ne 'ya'yanka, dattawa da limamai da matasa da iyaye mata na wannan unguwa, muka kawo kukanmu gabanka, don ba mu da wani uban da ya wuce ka.

Ranka ya daɗe, ranar Asabar ɗin da ta wuce da sassafe mutane suna fitowa daga masallaci sai ga katafila an sauke ta a gefen gabas na maƙabartarmu, wai wani bawan Allah ne ya sayi wajen zai yi shaguna. Kafin a je a taso Mai Unguwa har sun ja ramin harsashi mai tsawo sun ratsa ta kan kaburbura. Da idonmu muka ga fasassun tukwane da itacen kabari a cikin ƙasar da aka tono, ga guntun likkafani ya yi jawur da ƙasa yana rataye a haƙorin katafilar, ga ƙasusuwa. Wani dattijo cikinmu mahaifiyarsa a wannan layin take, ya zauna a ƙasa ya kasa cewa komai. Mu muka bi muka tsince ƙasusuwan a sabon yadi, liman ya ce a haƙa musu wani rami a mayar. Wallahi ranka ya daɗe ba don dattawa sun tsaya sun riƙe yara ba da an ƙona motar nan, kuma da yanzu wani zancen ake yi ba wannan ba.

Da muka tambayi mai aikin sai ya zaro takarda daga aljihu ya ɗaga mana daga nesa, ya ce shi da izininsa ya zo, ku kuma ina taku takardar? To nan ne fa bakinmu ya mutu. Wannan fili wakafi ne, kakanninmu suka bayar fisabilillahi tun lokacin nan duk gonaki ne, da baki aka bayar a gaban dagacin lokacin da shaidu, kuma shaidun yanzu duk suna kwance a ciki. Iyakar ma da an santa ne da itatuwan darbejiya da wata tsohuwar kuka, an sare su ɗaya bayan ɗaya. Yau gari ya zo ya kewaye maƙabarta, fuloti ya yi tsada, kowa ido a kanta.

Ba yau aka fara ba. Mun kai kuka wajen Mai Unguwa, mun je sakatariyar ƙaramar hukuma, an rubuta, an sake rubutawa, an kafa kwamiti, an zo an duba, an ce za a yi katanga, har an sauke bulo kafin zaɓe, bulon ma daga baya ba mu san inda ya shige ba. Mu da kanmu mun yi karo-karo bayan sallar Juma'a muka ɗaga ɓangare ɗaya, damina ta zo ta kwantar da shi saboda masu sababbin gidajen sun juyo da kwatarsu ta nan. Duk shekara ruwa sai ya rufta kaburbura. Ga masu zubar da shara, ga masu bahaya, ga 'yan shaye-shaye da suka mai da wajen majalisarsu da daddare, ga 'yan adaidaita sun buɗe hanya ta tsakiya don gudun zagaye. Duk mun yi haƙuri da wannan. Amma katafila a kan iyayenmu? Haba ranka ya daɗe.

Mu ba lauyoyi ba ne amma akwai 'ya'yanmu da suka yi karatu sun karanta mana. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya faɗa ƙarara cewa kafa maƙabartu da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne. Dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa filayen cikin birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, kuma yana da ikon soke ta saboda maslahar jama'a. Izinin gini a cikin birnin Kano kuwa daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, yake fitowa. To in haka ne takardar da mutumin nan yake ɗaga mana daga ina ta fito, wa ya sa mata hannu, kuma wanda ya sa hannun ya taka ya zo ya ga kaburbura ko a ofis ya zauna? Ba mu zargin kowa, sani kawai muke so. Ta ɓangaren addini kuwa kai ka fi mu sani, Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai, kuma wakafi ba a sayar da shi ba a gadonsa.

Sannan maƙabartar ma ta cika. Masu haƙan kabari, tsofaffi ne da ba su da albashi sai abin da aka ba su sadaka, sai su sara nan su tarar da mutum su rufe, su sara can su tarar da wani, jama'a na tsaye da makara a rana. Tun mace-macen da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020 lokacin kullen korona wajen bai sake samun sarari ba. Kuma ana ta yanka sababbin unguwanni a bayanmu, ana ware masallaci da makaranta wani lokacin, amma maƙabarta babu, duk nan suke kawo nasu, kuma ba za mu ce kar a kawo ba.

Don haka muna roƙonka da girman Allah, ka sa a dakatar da aikin nan yanzu kafin a zuba kankare, don mun ji ƙishin-ƙishin da daddare za su dawo. A kira mutumin nan fadarka ya kawo takardarsa a buɗe ta a gaban kowa, tare da dillalin da ya sayar masa. Ka taimaka ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa a turo safiyo a auna a kafa duwatsun iyaka, a yi wa maƙabartar takarda da sunan al'umma, don rashin takardar nan shi ya jawo mana duk wannan. A yi katanga da ƙofa, a sa mai gadi, a karkatar da kwatar. A nema mana sabon fili, kuma duk wanda zai yanka fuloti a ƙasarka a tilasta masa ware na maƙabarta kafin dagaci ya sa hannu. A cike ramin da aka tona, kuma mutumin da ya sa aka tona shi ya cike da kuɗinsa, ba mu ba.

Kuma dai a dakatar da aikin ranka ya daɗe, wannan shi ne na gaba da komai. Matasanmu yanzu haka kwana suke a wajen suna gadi, muna ta ba su baki cewa Hakimi zai yi magana, amma ba mu san iya kwanakin da za su ci gaba da jin tamu ba. In da hali muna roƙon ka tako da kanka ko ka turo wakili ya ga ramin kafin ruwa ya shafe shi.

Allah ya ja kwana, Allah ya taimaki Hakimi.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, limamai, kwamitin maƙabarta da ɗaukacin jama'ar unguwa.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna haɗe a bayan takardar.