Ranka ya daɗe Ciyaman, makullin kabad ɗin yana hannun wa?

Barka da aiki ranka ya daɗe. Ba zan ja ka da gaisuwa ba.

Ka tuna ranar da ka zo kamfe ƙofar gidan Sarkin Hausawan unguwarmu, aka zura maka babbar riga da hula, ka ce "sannu ku" da Hausarka ta koyo mu kuma muka yi ta tafi kamar an raba mana kuɗi? A ranar ka ce ƙaramin asibitinmu zai koma aiki dare da rana. Toh fenti kam an yi, ba zan tauye maka haƙƙi ba, har allo an kafa da hotonka kana murmushi.

Watan jiya ƙanwata ta haihu a wannan asibitin wajen ƙarfe 2 na dare. Nas ɗaya ce tal a bakin aiki, NEPA sun ɗauke, janareto ba mai, matata ce ke haska mata tocilan ɗin waya. Yaro ya faɗo bai yi kuka ba, jikinsa laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, leɓensa ya yi shuɗi. Nas ɗin ta goge shi ta murza masa baya, shiru, ta juya za ta ɗauko ambu bag, 'yar jakar robar nan mai murfin hanci da baki da ake matsawa da hannu a hura wa jariri iska, ashe tana cikin kabad, kabad a kulle, makulli yana jakar babbar sista da ta tashi aiki tun la'asar. Sai wata tsohuwa ta karɓe shi ta riƙe ƙafafunsa kai a ƙasa tana marin gindinsa, wata na yayyafa masa ruwan sanyi, har sai da maigadi ya zo ya ɓalle kwaɗon da ƙarfen taya. Matata ta ce an kusa minti 10 kafin ya ja numfashin kirki.

Ambulan babu. Mai keke muka taso daga barci ya kai mu babban asibiti, kuma likitan yaran da ya karɓe mu ne ya zaunar da ni ya min bayani, ni da sana'ata albasa ce. Ya ce kusan jariri 1 cikin 10 sai an taimaka masa yake fara numfashi, yawanci gogewa da murza baya sun isa, wanda bai motsa ba dole a fara hura masa iska kafin minti ɗaya ya cika. Minti ɗaya, ranka ya daɗe! Har horo na musamman ake yi a kai, Helping Babies Breathe, tun 2010. Kuma jakar nan ba ta cin wuta ba ta shan fetur, yawancin jarirai ko tukunyar oksijin ba sa buƙata da farko, iskar ɗaki ta wadatar. Hannu kawai take so da kabad a buɗe.

Ya duba katin ƙanwata ya girgiza kai. Wai ana auna jariri a minti 1 da minti 5 da abin da suke kira Apgar, a duba numfashi da bugun zuciya da launin fata da ƙarfin jiki da yadda yake motsi in an taɓa shi, a ba shi maki cikin 10. Gurbin a katinmu wayam. Bugun zuciyar ɗan tun yana ciki, wanda ya kamata a riƙa saurara a ga yana tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya, sau ɗaya aka rubuta, alhali tun magariba take naƙuda kuma da faya ta fashe ruwan kore-kore ne, alamar yaro ya yi kashi a ciki ya galabaita. Da akwai nas ta biyu mai lura, ai da tun ƙarfe 10 an tura mu gaba.

Kafin gari ya waye yaro ya fara jijjiga, ya ƙi kama nono, ta tiyo ake ba shi. Ranar suna an yanka rago an raɗa suna, mai sunan yana gadon asibiti. Yanzu likita ya ce mu sa ido a kan tsayuwar wuya da zama, don ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana iya barin yaro da shanyewar gaɓoɓi ko farfaɗiya. A gida kuma tsofaffi har sun fara raɗe-raɗin wai iska ce ta taɓa shi. Iska kam, wadda aka kulle a kabad.

Na ji a Turai suna sanyaya jikin irin waɗannan jarirai zuwa digiri 33.5 har awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa. Ban roƙe ka wannan ba, ba aikin ƙaramar hukuma ba ne, na manya ne irin su LUTH da LASUTH, manyan asibitocin koyarwa na Legas, su duba ko ya dace da mu. Kuma mu ma da namu laifin, na sani, mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki ana ɗirka mata rubutu, a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda ba awo ba komai, sai abu ya ɓaci a kwaso ta. Wannan mun fara maganarsa a masallaci. Akwai kuma matanmu da ke gudun zuwa awo saboda ba sa jin Yarbanci ko Turanci, ko tafinta ɗaya aka ajiye ranar awo da an rage.

Amma don Allah, don darajar iyayenka, fara da kabad. A ajiye jakar a kan teburin haihuwa, a wanke a gwada ta kowane canjin aiki, nas biyu da dare, kuma a koya musu. Kar ka aiko kansila da rana tsaka a share wuri kafin ya iso. Ka zo da kanka ƙarfe 2 na dare ba jiniya, ka ce a miƙo maka ambu bag, kana duba agogonka.

Naka,
wani mai albasa da ya dangwala maka.