Amsa ga Alhajin Aboabo: Me Ya Sa Aka Ce a Wuce da Jikanka Korle Bu?

Assalamu alaikum Alhaji,

A taron lafiya na unguwa ka miƙe cikin jama'a ka yi tambaya, lokaci ya ƙure ba ka samu cikakkiyar amsa ba. Ka ce yara biyu ne a layinku, duka an ce suna da rami a zuciya. Ɗaya an yi masa aiki a nan asibitin Ji, wato Komfo Anokye na Kumasi, har ya koma makaranta, jikanka kuwa an ce a wuce da shi asibitin Korle Bu da ke Ankara (Accra). Ka ce ashe asibiti ba asibiti ba ne, ko dai aljihu ake dubawa?

Kalmar "rami a zuciya" ce ta fara ruɗa mu, Alhaji. Cikin jarirai 1,000, kusan 8 zuwa 9 na zuwa da matsalar zuciya, amma kowa da irin tasa. Ɗauko takardar eko, wato hoton zuciya, ka duba haruffan da likita ya rubuta. In ASD ne, ramin tsakanin ɗakunan sama na zuciya yake, yawanci yana iya jira har shekara 3 zuwa 5. In PDA ne, wata jijiya ce da ta ƙi rufewa bayan haihuwa, ana ɗaure ta ta gefen haƙarƙari ba tare da an tsayar da zuciya ba. Babban VSD kuwa, wato rami tsakanin ɗakunan ƙasa, ba ya son jira: jini na tunkuɗa huhu da ƙarfi har jijiyoyin huhu su yi kauri, in suka kangare ƙofar tiyata ta rufe ke nan, shi ya sa ake son ɗinke shi kafin shekara guda. Akwai TOF, yaron da leɓensa ke yin shuɗi, yana tsugunawa in ya gaji. Sai TGA, inda manyan jijiyoyi biyu suka yi musayar wuri, wanda ake gyarawa cikin makonni 2 zuwa 3 na farko. Asibitin da ya iya ɗaure PDA lafiya lau ba lallai ya iya TGA ba, kuma ba abin kunya ba ne ya ce a yi gaba.

Mutane na tambayar sunan likitan fiɗa kawai, alhali ba shi kaɗai ke riƙe da ran yaron ba. Ana tsayar da zuciya ne a ɗora yaro kan inji mai yi masa aikin zuciya da huhu, kuma injin na da mai tuƙa shi na musamman. Jaririn da ke da kilo 3, duk jinin jikinsa bai fi mililita 250 ba, wato rabin ledar fiya-wata. In bututun injin na manya ne, ruwan da za a cika shi da shi zai tsinka jinin yaro. Don haka dole a samu ƙananan bututu, da jini a ajiye, da mai ba da maganin barci da ya saba da jarirai.

Amma inda asibitoci suka fi bambanta shi ne daren farko. Tsakanin awa 6 zuwa 18 bayan an fito, zuciyar da aka tsayar takan yi kasala, ko da ɗinki ya yi kyau. Nas ɗaya ya kamata ta tsaya kan yaro ɗaya, kowace awa tana auna fitsari. In ya gaza mililita 1 ga kowane kilo, ta san jini ba ya zagayawa sosai. Tana taɓa tafin ƙafa ta ji ko ya yi sanyi. Tana kallon robar da ke fitar da jini daga ƙirji: in ta tsaya farat ɗaya kuma bugun jini ya faɗi, wataƙila gudan jini ne ya toshe ta yana matse zuciya, sai a sake buɗe ƙirjin nan take, ko a kan gadon ne. Da ƙarfe ukun dare, likitan yana cikin gini ko yana gida? Na'urar gwajin iskar jini na aiki? In wuta ta ɗauke fa? Babu allon talla da zai gaya maka waɗannan.

Kada ka ɗauka matsalar talauci ce kawai. A birnin Bristol na Ingila, binciken da aka fitar a 2001 ya gano cewa daga 1991 zuwa 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun rasu fiye da yadda aka zata a irin wannan tiyata. Abin da aka fi zarga shi ne tsari da rashin haɗin kan ma'aikata. Kuma an daɗe da sanin cewa a aiki mai wuya, cibiyar da ke yin sa akai-akai ta fi samun nasara a kan mai yin sa jefi-jefi.

A Gana, cibiyar zuciya ta ƙasa tana Korle Bu a Ankara, Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa ta a 1989, a nan ma'aikatan wannan fanni suka fi taruwa. A Komfo Anokye kuma, tawagar asibitin yara na Boston ta Amurka ta yi ta zuwa tana aiki tare da likitocinmu. Baƙin tawaga irin wannan kwanakinta ƙirgaggu ne, sai ta zaɓi yaran da aiki ɗaya zai wadatar, su bar ɗakin kulawa ta musamman kafin ta tashi. Ni dai hankali nake gani a wannan, ba son kai ba.

In kun zauna da likita, ku tambaye shi kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: irin wannan aikin, a yaro mai wannan nauyin, sau nawa kuka yi bara, nawa suka koma gida? Gyara ne gaba ɗaya, ko na wucin gadi da za a sake dawowa? Wata nawa za mu iya jira? Kada adadin mace-mace shi kaɗai ya tsorata ku, domin asibitin da ke karɓar masu wuya zai fi mai zaɓen masu sauƙi yawan rashi.

Maganar aljihu kuwa gaskiya ce ta wani ɓangare: katin inshorar lafiya ba ya ɗaukar irin wannan tiyata, sai a nemi ofishin walwala na asibitin da Gidauniyar Zuciya ta Gana tun da wuri. In Indiya aka ambata, ku fara sanin wanda zai ci gaba da duba yaron a nan bayan dawowa. Kafin ranar aiki, a yi masa gwajin sikila, a cire ko a cike ruɓaɓɓen haƙori, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a kuma jera 'yan uwan da za su ba da jini, don tari da zazzaɓi ko rashin jini kaɗai na sa a ɗaga ranar. Ku tafi da takardar ekon ta asali, ba hotonta a waya ba.

Allah Ya ba yaro lafiya. Wassalam.