Awa ɗaya bayan Asuba ta ceci karatun 'yata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai shayi ne a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Duk lokacin jarrabawa nakan ga abin da ke sosa min rai: ɗalibai su zo ƙarfe 2 na dare, ido jajawur, suna neman shayi mai kauri don su kwana karatu. Na ga wanda ya fashe da kuka a kan bencina.

'Yata ma ta shiga wannan hali a shekararta ta farko. Ta rame, ta faɗi kwas 2. Sai mahaifiyarta ta kafa mata doka: bayan sallar Asuba, awa ɗaya da littafi, waya kuwa tana hannun uwa. Da la'asar ta shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ta maimaita darasin ranar tun bai huce ba. Ƙarfe 10 ta kwanta, ko da saura. Ta yi ta ƙorafi da farko, musamman da hunturu. Zangon da ya biyo baya ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Kwanan zaunen nan ciniki yake kawo min, amma wallahi na fi son yaran su yi barci. Ina roƙon malamai su riƙa faɗa wa sababbin ɗalibai haka tun makon farko.

Naku,
Wani mai shayi,
Samaru, Zariya